Abin da Yaro Ya Shigo da Shi Aji

Duk shekara kwalejojin ilimi kan watsa ɗalibansu 'yan shekarar ƙarshe cikin makarantun firamare da ƙananan sakandare, su je su koyi aikin malanta a gaban yara na gaske. Na Kwalejin Shehu Shagari su bazu a Sakkwato da kewaye, na Isa Kaita su cika Dutsin-Ma da ƙauyukanta, haka na Azare da Gumel da Maru da Bichi. Yara sun san su sarai, har da sunan da suke kiransu: malaman TP, wato masu aikin gwaji. Tun daga bakin ƙofa ake gane su, ga sabon ɗinki, ga kwali naɗe a hammata, ga ƙaton littafin shirin darasi da aka ja wa layi da jan biro.

Wannan baƙo da rauninsa yake shiga aji. Bai ba manyan yaran wasu shekaru masu yawa ba, kuma kowa ya san ɗan kwanaki ne, zango ɗaya zai yi ya kama gabansa. Ba shi da kwarjinin tsohon malamin da ya koyar da iyayen yaran. Abin da ya rage masa na riƙe aji shi ne darasin kansa. Shi ya sa batun yadda darasi zai ja hankali, ya kuma taɓa rayuwar mai koyo, ya fi matsa masa fiye da kowa a makarantar.

Ga ƙasa ma ba ƙaramin batu ba ne. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta yarda a koyar da ita a Najeriya. Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989 don kula da kwalejojin ilimi, ita ke tsara abin da za a koya wa waɗannan ɗalibai, kuma fita aikin gwaji dole ne a tsarinta. Da yawansu, waɗannan watanni ne kaɗai lokacin da wani zai zauna a bayan aji musamman don ya ga yadda suke koyarwa. Kowa na tune da abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017, lokacin da malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 suka kasa kai makin da aka gindaya a jarrabawar 'yan aji huɗu. An yi jayayya mai yawa kan yadda aka gudanar da ita, amma ta bar mutane da sanin cewa riƙe takarda daban, iya aiki daban.

To, mu buɗe littafin shirin darasin nan. Tsarinsa kusan ɗaya ne ko'ina: kwanan wata, aji, fanni, kan magana, manufa, kayan koyarwa, gabatarwa, mataki na ɗaya zuwa na uku, tambayoyin auna fahimta, kammalawa. A tsakaninsu akwai wani ɗan gurbi da ake rubuta abin da yara suka riga suka sani game da darasin, kuma shi aka fi rainawa. Ɗalibi kan cike shi da jimla ɗaya da ya gada wurin na gaba da shi, wai an koya wa yara kaza a darasin baya, ya wuce abinsa. A ganina, duk maganar a nan take. David Ausubel, Ba'amurke masanin yadda ake koyo, tun 1968 ya kafe kan cewa babu abin da ke tasiri a kan sabon ilimi kamar wanda mai koyo ya riga ya mallaka, don haka shi ya kamata a fara ganowa. Ana karantar da sunan mutumin nan a kwaleji, ana fitar da shi a jarrabawa, amma a aikace an ƙanƙance sanin yaro ya koma abin da aka rubuta masa a allo makon jiya. Alhali daga gida ya fito, ya bi ta gona da kasuwa da makarantar allo da bakin rijiya, kuma ko'ina ya ɗebo wani abu.

Ɗauki yarinya 'yar aji huɗu mai tallar awara da yamma. Ka sayi ta naira ɗari uku da hamsin, ka miƙa mata dubu ɗaya. Ba za ta nemi biro ba. Za ka ji tana cewa ƙasa-ƙasa, hamsin ta cike ɗari huɗu, ɗari ta cike ɗari biyar, ga kuma ɗari biyar, ta kwance bakin zane ta ƙirgo maka ɗari shida da hamsin, ko sisi ba za ta ɓata ba. Washegari a rubuta mata 1000 a sama, 350 a ƙasa, a ja layi a ce ta ɗebe. Sai ta ƙura wa sifilai ukun nan ido, ta rasa inda za ta aro, ta rubuta 1350 ko 750, a tsula mata jan biro. Da yamma ta koma bakin titi ta ci gaba da yin lissafin da aka ce ba ta iya ba.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai haka ke faruwa ba. A 1985 Terezinha Nunes da abokan aikinta sun wallafa abin da suka gani wurin yara masu talla a birnin Recife na Burazil: suna warware lissafi daidai a wurin ciniki, amma idan aka ba su irinsa a takarda sai su yi ta kuskure. A 2025 kuma mujallar Nature ta buga binciken Abhijit Banerjee da Esther Duflo da wasu, kan yara masu aiki a kasuwannin Kalkata da Delhi a Indiya. Sun sami abu ɗaya, da ƙari mai ɗaga hankali: 'yan makarantar da ba su taɓa ciniki ba sun fi iya lissafin takarda, amma da aka juya musu shi ya koma na saye da sayarwa sai suka kasa. Wato ilimin biyu na zaune kowane a ɗakinsa, ba ya leƙa ɗan'uwansa sai an sami wanda ya buɗe ƙofa.

Nan ne aikin malamin TP yake, kuma nan ne da yawa kan tsaya rabin hanya. Sun ji an ce a kawo rayuwa cikin aji, sai su jera gwangwanayen madara da kwalin ashana a kan tebur, a yi wasan kanti, yara su yi dariya, a kaɗa ƙararrawa. An ji daɗi, amma gobe sifilai ukun nan suna nan inda suke. Wanda ya gane aikin zai ce wa yarinyar ta faɗi yadda ta yi a ranta, shi kuma yana rubuta maganarta a allo da lambobi: daga 350 zuwa 400, daga 400 zuwa 500, daga 500 zuwa 1000, a tara 50 da 100 da 500. Karo na farko ke nan da za ta ga tunaninta a rubuce, ajin kuma ya ga cewa lissafi ne. Daga nan sai ya ɗauko hanyar littafi, ya nuna cewa aron da ake yi daga gidan dubu ba komai ba ne illa canji, an fasa dubu ɗaya ta koma ɗari-ɗari guda goma, an fasa ɗari ɗaya ta koma goma-goma. Kowane yaro ya taɓa zuwa neman canji. Sai a ba su goma irinsa su yi a takarda, ba gwangwani, ba wasa, don a jarrabawa ba za a kawo musu kanti ba.

Haka abin yake a sauran fannoni. Littafi na koya wa yaro kason lamba da hoton kek ɗin da bai taɓa ci ba, alhali ya ga an sara rake gida huɗu, ya ga ubansa ya ware dami ɗaya cikin goma na zakka, ya ji an ce amfanin da aka shayar da injin ban ruwa ɗaya cikin ashirin ake fitarwa. Wanda aka taɓa rabon gado a gidansu ya ji sulusi da sudusi da sumuni tun bai san yadda ake rubuta su ba.

Kimiyya ma ta fi sauƙi. Malami ya shigo ya tambaya: me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi, alhali inuwa ɗaya suka kwana? Babu yaron da bai san haka ne ba, kuma da wuya a sami wanda ya san dalili, irin tambayar da ke sa aji ya yi tsit ke nan. A bar su su yi ta zato. Wani zai ce ƙasa ce mai sanyi, wani ya ce don an rufe ta da faifai. Sai a sa su shafa jikin randar su ji danshi, a ɗiga wa kowa ruwa a bayan hannu ya hura. Ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska na kwashe shi, yana tafiya da zafin da ke ciki. Da wannan sanin ne Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma, tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba, ba wuta ba firji. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda haka. Tukwane biyu da kwanon yashi sun fi kwalin da aka zana a kasuwa arha, aji kuma zai iya haɗa abin da hannunsa ya dawo bayan kwana uku ya duba. Ɗan Kano kuwa yana da marinar Ƙofar Mata, inda zane ke fitowa daga karofi da ɗan kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa shuɗi a kan idon mai kallo.

Sai dai akwai rami a wannan hanya, kuma tsohon rami ne. A shekarun 1920 kwamitocin Phelps-Stokes sun zagaya Afirka suka ba da shawarar a daidaita ilimin baƙar fata da rayuwar karkara, a ba shi noma da sana'ar hannu. Magana ce mai daɗin ji, amma 'yan Afirka da yawa sun gane inda ta dosa: a bar ɗan manomi inda aka same shi. Malamin da ya ce tunda yaran ƙauye ne ba sai an yi musu maganar teku da dusar ƙanƙara da taurari ba, ya cuce su, ko da da kyakkyawar niyya. Abin da yaro ya sani wurin tashi ne, ba masauki ba. Abubakar Imam, wanda shi ma malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina, ya nuna yadda ake yi. Littattafai uku na Magana Jari Ce da suka fito tsakanin 1937 da 1939 don 'yan makaranta aka yi su, kuma labarai da yawa a ciki asalinsu na Larabawa ne da Indiya da Turai. Ya sa musu riga da hula, ya zaunar da su a fada, yaro na karantawa yana jin a garinsu aka yi, alhali an kai shi nesa.

Akwai kuma batun sanin su wane ne a gabanka. Misalin zakka zai zauna daram a Gumel, amma a aji mai gauraye a Kafanchan ko Sabon Garin Kano sai an haɗa shi da wani. Yaron birni bai san dami ba, ɗan ruga ya san shekarun saniya daga haƙoranta amma bai taɓa hawa bene ba. Sannan a yi hattara da abin da zai kunyata yaro. 'Yar tallar nan ba lallai tana son a tashe ta gaban aji a ce ga mai awara ba, musamman idan akwai masu yi mata gori. A tambayi aji gaba ɗaya yadda ake ba da canji, ita za ta ɗaga hannu da kanta.

Maganar harshe kuwa ta isa sharhi mai zaman kansa. Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci duk shekaru shida na firamare, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da shekaru shidan ga ƙasa baki ɗaya, a Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, a koma Turanci. Duk wannan kai-komo a Abuja yake. A cikin aji, malami na karanta jimla da Turanci, ya ga idanu sun yi fari, ya sauko Hausa. Malamin TP kan ji tsoron yin haka don kada a rage masa maki, sai ya yi minti arba'in yana magana da harshen da shi kansa yake tuntuɓe a ciki, gaban yaran da ba su kama ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ni dai ina ganin gara a kafa ma'ana da harshen da yaro ke tunani da shi, sannan a ɗora masa kalmar Turancin a maimaita har ta zauna, tunda da ita za a tambaye shi.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, wato jan hankali. An fi ruɗa shi da hayaniya. Aji na tafi, ana rera waƙa, malami ya ce, "Kun gane?" murya ɗari ta amsa, "Eee!" Ya ce, "Akwai mai tambaya?" su ce, "Babuuu!" Wannan amsa ba ta shaidar komai sai ladabi, domin yaron da aka tarbiyyantar kada ya musa wa babba ba zai ce bai gane ba. Waƙa da amshi na da gurbinsu, kuma ba yau aka fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙoƙi ta aika jajinta suka karantar da matan karkara, kuma jadawalin sau bai da maganin da ya wuce hadda. Amma amshin taro na ɓoye wanda ke motsa baki kawai. Maimakon "kun gane", a ba kowa abu ɗaya ya yi a littafinsa ya ɗaga sama, malami ya ratsa tsakanin layuka ya gani da idonsa.

Akwai wata 'yar dabara da ba ta cin ko kwabo. Mary Budd Rowe, mai bincike kan koyar da kimiyya a Amurka, ta auna a farkon shekarun 1970 ta gano malamai kan jira kimanin sakan ɗaya ne bayan sun yi tambaya, sai su amsa da kansu ko su nuna wani. Da aka sa su jira sakan uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara sa baki. Sabon malami ya fi kowa tsoron shiru, yana ganin idan aji ya yi tsit shi ne ya gaza, sai ya yi wuf ya nuna yaran nan biyar na layin gaba da kullum hannunsu ke sama. Da su biyar ɗin ake yin darasi a makarantu da yawa, sauran 'yan kallo ne.

Za a ce duk wannan mai sauƙi ne a baki, ya za a yi da aji mai yara ɗari ko fiye, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu a taga? Gaskiya ne, a takarda malami ɗaya ga yara 35 aka ce a firamare. Amma malamin TP da ya tashi a ƙasar Hausa ya riga ya ga yadda mutum ɗaya ke riƙe yara masu yawa, kowa a matakinsa. A makarantar allo babu wanda ake ja don a daidaita shi da wani. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a yi maka ƙari sai ka biya na baya, manya kuma na biya wa ƙanana. Dorinar ba abar aro ba ce, amma tsarin abin dubawa ne. Kusan shi ne abin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da shi, a auna yara a raba su rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa ajin da suke ba, masu harafi daban, masu haɗa kalma daban, masu karanta labari daban. An gwada shi a Borno da Kano da wasu jihohi. Ɗalibin da ya ware kwanakinsa na farko ya zauna da yara ɗaya-ɗaya, ya miƙa wa kowa 'yar takarda ya karanta, zai san ajinsa fiye da yadda rajista za ta gaya masa. Sau da yawa zai tarar a aji biyar akwai waɗanda ba su rarrabe harufa ba, kuma su ne masu tsokana a baya, don an daɗe da wuce su.

Abin takaici, yadda ake auna ɗalibin kansa ba ya ƙarfafa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ranar da aka ji ƙishin-ƙishin sufabaiza na tafe, makaranta kan canza kama. A fito da kwalin da aka biya mai zane ya yi, a maimaita darasin da aka riga aka yi jiya don amsa ta zo da sauri. Har akwai tsohuwar dabara da ake ba da labarinta ana dariya, a ce wa yara kowa ya ɗaga hannu, wanda ya sani na dama, wanda bai sani ba na hagu. Shi kuma mai dubawar ɗalibai ne jibge a kansa, a garuruwa daban-daban, sai ya zauna 'yan mintuna, ya buɗa littafin shiri, ya sa hannu, ya nufi na gaba. Takardar makinsa na tambayar shiga da murya da rubutun allo da kayan koyarwa da riƙe aji. Duk suna da amfani, amma duk a kan malami suke. Da zai kira yara uku daga layin ƙarshe bayan an tashi, ya yi musu tambaya ɗaya kan abin da aka koyar, da ya san fiye da abin da takardar ta gaya masa, da kuma ɗalibai sun daina shirya wasan kwaikwayo.

Wanda ya fi kowa iya taimakon ɗalibin shi ne malamin ajin na asali, kuma shi aka fi mantawa. A makarantu da yawa zuwan 'yan TP hutu ne: a miƙa musu alli da rajista, a koma gindin bishiya, ko a tafi wata sabga. Ba duka laifinsa ba ne, babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa horar da wannan yaro na cikin aikinsa, babu kuma abin da ake ba shi a kai. Amma abin da ke kansa ba ya cikin kowane littafin kwaleji. Shi ya san wane yaro ne ba ya ji sosai sai an matso da shi gaba, wace ce ke makara don sai ta kai niƙa, wa aka yi wa rasuwa cikin watan nan, waɗanne biyu ne ba a haɗa su benci ɗaya. Shi ne zai gaya wa baƙo cewa lokacin girbin gyaɗa aji kan rage, kuma idan a Maigatari aka tura shi, kada ya fara sabon darasi ranar Alhamis, rabin yaran na kasuwa.